Kada ka miƙa takardar nan tukuna

Baba, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni malamin sakandare ne, shekarata 34, ina zaune a Mabera a nan Sakkwato. Shekara huɗu ke nan ina shugabancin zumuntar matasa a ikilisiyarmu. Mun fara da mutum kamar 15, muka haura 60, daga baya muka dawo in mun cika 20 ranar Laraba sai godiya. Akwai wani yaro ɗalibin jami'a, ni na fara kawo shi sujada, ni na saya masa Littafi Mai Tsarki, a ɗakina ya koyi shirya darasi. Wata biyu da suka wuce Fasto ya sanar ranar Lahadi, ba tare da ya gaya mini ba, cewa yaron nan ne zai riƙa koyar da nazarin Laraba. Tun daga ranar sai an ƙaro benci. Ina zama can baya, ina murmushi, in an tashi in ce masa “Allah ya ƙara basira”, amma cikina wuta yake ci. Na yi azumin kwana uku ban ji komai ba. Addu'ata ta bushe. Na rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin Littafina. Baba, ashe ba tawali'u ba ne in sauka in ba shi wuri? Kuma me ya sa bayan duk shekarun nan ban ga na girma cikin ruhu ba?

Ɗanka cikin Almasihu, daga Mabera

Ɗana, ka bar takardar nan inda take. Kada ka miƙa ta Lahadin nan, kada ka miƙa ta Lahadi ta sama. Zan gaya maka dalili, amma bari in fara da yi maka sannu, domin an ɓata maka rai, kuma ɓacin ran nan yana da tushe.

Abin da Fasto ya yi bai kyautu ba. Mutumin da ya shekara huɗu yana buɗe majami'a kowace Laraba, yana jera benci cikin zafin Afrilu, yana biya wa yara kuɗin kabu-kabu daga albashin malanta, ya cancanci a kira shi gefe a ce masa ga abin da ake shirin yi. Jin labari daga bagade tare da kowa yana da ciwo. Ba na so ka ɗauka cewa tawali'u shi ne ka ce ba a yi maka komai ba. An yi maka, kuma zan dawo kan yadda za ka yi da wannan.

Amma tambayarka ta farko a kan takarda ce, don haka ni ma ga tawa tambayar. Ka amsa ta kai kaɗai, da dare, bayan iyali sun kwanta. In ka rufe ido ka hango ranar da za ka miƙa takardar, me kake gani? Idan abin da kake gani shi ne fuskar Fasto ta sauya, dattawan ikilisiya sun biyo ka gida suna ba ka haƙuri, matasa sun taru suna cewa “Malam, in ka tafi mu ma mun tafi”, to takardar nan ta neman biyan bashi ce. Kana so a gane darajarka ta hanyar rashinka. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne girman kai ya iya cire rawanin, ya sa tsohuwar riga, ya koma bencin baya ya zauna yana jiran a lura cewa ya koma baya. Ba zarginka nake yi ba. Na san wannan bencin, domin na zauna a kansa.

Ina cikin shekaruna na talatin aka tura ni wata ƙaramar ikilisiya a ƙauye. Na fito makarantar Littafi Mai Tsarki da takardata, da littattafaina cikin akwatin ƙarfe. A ikilisiyar akwai wani dattijo manomi wanda da ƙyar yake haɗa baƙi, in ya tashi karanta aya sai ya bi ta da yatsa. Sai na lura duk wanda matarsa ta yi yaji, duk wanda ɗansa ya kwanta ciwo, duk wanda rikicin iyakar gona ya taso masa, ba ƙofata yake zuwa ba. Zauren tsohon nan yake nufa bayan magariba. Daga gidan fasto ina hango hasken fitilarsa, ina ƙirga takalman da ke bakin zaure. Abin ya yi ta cina har wata Lahadi na hau bagade na yi wa'azi a kan makafin jagorori. Ban ambaci suna ba, amma wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma 'yan kasuwar ma sun sani.

Washegari da sassafe sai ga shi da sallama. Na ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa a bakin ƙofata, mutumin da ya haifi kamata. Ya ajiye damin gero guda a gefe, ya ce, “Malam, jiya da ni kake, na ji. In akwai abin da na koya wa mutane wanda ba ya cikin Littafi, ka nuna mini in gyara. Kai ne ka yi karatu.” Ba gatse a muryarsa ko kaɗan. Da gaske yake so a gyara masa. Na rasa abin faɗi, domin ba ni da ko aya ɗaya da zan ce ya karkatar. Da ya tafi, matata ta fito daga ɗaki ta ce mini, “Mutanen nan da ke zuwa wurinsa, ba ranar Lahadi wurinka suke dawowa ba? Shi ke turo su.” Ban taɓa lura ba. Na shagala da ƙirga takalma. Sai da na yi kwana biyu ina kokawa da zuciyata kafin na iya takawa zaurensa na roƙe shi gafara, kuma a zauren nan na koyi yawancin abin da na sani game da kiwon jama'ar Allah.

Abin da ke cin ka sunansa kishi, ɗana. Gara mu kira shi da sunansa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma ciwon da aka ɓoye wa mai magani shi ke kisa. Kishin nan ba sabon abu ba ne a cikin aikin Allah. A Littafin Ƙidaya sura 11, da Ruhu ya sauko wa dattawa 70, mutum biyu, Eldad da Medad, suka yi annabci a cikin zango ba a wurin taro ba. Joshuwa ya ce wa Musa ya hana su. Musa ya tambaye shi ko kishi yake yi dominsa, ya ce da ma a ce dukan jama'ar Ubangiji annabawa ne. Sarki Saul kuwa, da mata suka yi waƙa suka ba shi dubbai suka ba Dawuda dubun goma goma, daga ranar ya sa masa ido, har abin ya cinye sauran mulkinsa. Mutum biyu, jarraba iri ɗaya. Hanyoyin nan biyu suna gabanka yanzu.

Amma wanda na fi so ka zauna da labarinsa shi ne Yahaya Maibaftisma, a Yahaya sura 3. Almajiransa suka zo masa da magana irin taka sak: mutumin nan da ka shaida a hayin Urdun, wato Yesu, ga shi yana baftisma, kowa yana tafiya wurinsa. Yahaya ya ce mutum ba ya iya samun komai sai an ba shi daga sama. Sannan ya kira kansa abokin ango. Kai Bahaushe ne, ba sai an yi maka bayanin abokin ango ba. Shi ke yawon raba goro da katin gayyata, shi ke neman motocin ɗaukar amarya, shi ke tsayawa da ƙawaye wajen sayen baki, shi ne ƙarshen kwanciya, shi ne farkon tashi. Ya fi ango gajiya nesa ba kusa ba. Amma ka taɓa ganin abokin ango na kirki ya ɓata rai don an kai amarya ɗakin ango ba ɗakinsa ba? In ya ɓata rai, kowa zai san da ma akwai wata a zuciyarsa. Matasan nan 60, ko 20, amaryar Almasihu ce. Ba taka ba ce, ba ta yaron nan ba ce, ba ta Fasto ba ce. Kai da yaron dukanku abokan ango ne a biki ɗaya. Da Yahaya ya ce dole shi ya ƙaru ni in ragu, Yesu yake nufi, kuma ka lura bai ajiye aiki ba. Ya ci gaba da faɗin gaskiya har aka kulle shi, har aka kashe shi. Raguwarsa a cikin aiki ta faru, yana tsaye a inda aka sa shi.

Shi ya sa nake cewa sauka cikin fushi ba ta cikin abin da Littafi ya kira tawali'u. A daren da Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa, Yahaya sura 13 ta fara da cewa ya san Uba ya sa komai a hannunsa, ya san daga wurin Allah ya fito, wurin Allah kuma zai koma. Da wannan sanin ya tashi ya yi ɗamara da mayafi ya zuba ruwa a daro. Da ya gama bai ce shi ba kowa ba ne. Ya ce kuna kirana Malam da Ubangiji, daidai ne, haka nake. Wanda ya san ko shi wane ne a gaban Allah yana iya durƙusawa ba tare da jin ya ragu ba. Mu da ke Sakkwato mun san ƙafar da ta yini cikin ƙura da silifa, mun san yadda ruwan daro yake komawa bayan mutum biyu kawai. Ƙafa 24 ya wanke, har da na wanda ya riga ya sayar da shi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Yanzu maganar adadi. Kafin ka ɗora wa kanka laifin raguwar mutane, ka ɗauki littafin sunaye na shekarar da kuka haura 60, ka bi su ɗaya ɗaya. Ina kyautata zaton za ka sami abin da kowane mai kiwon ikilisiya a garin nan ya sani: jama'armu da yawa masu wucewa ne. Masu yi wa ƙasa hidima suna fitowa daga sansanin Wamakko, su yi shekara guda, su koma jihohinsu. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na kwalejoji suna gama karatu su tafi. Sojan barikin Giginya da ɗan sanda ana yi musu canjin wurin aiki, iyali su bi su. Tun tashin hankalin da aka yi a Sakkwato a watan Mayun 2022 wasu iyaye ba sa son 'ya'yansu, musamman mata, su kai dare a waje. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa ya zama abin lissafi ga ɗalibin da ke auna garin kwaki. Duk wannan ba koyarwarka ta jawo shi ba. Yaron da ka koya wa addu'a a Mabera yana iya zama yau shi ke riƙe da makarantar Lahadi a Zuru ko Kafanchan, kai ba ka sani ba. Ikilisiyar Sakkwato ta fi kama da wurin renon iri, ana cirewa ana kai wa wasu gonaki.

Duk da haka, kada in yi maka daɗin baki. Benci ya cika da yaron ya fara koyarwa, kuma wannan ma gaskiya ce. Mai yiwuwa sabon abu ne ke jan mutane, zai lafa. Mai yiwuwa sa'anninsa ne, yana magana da harshensu. Mai yiwuwa kuma, ka daure ka ji wannan, Allah ya ba shi baiwar koyarwa fiye da wadda ya ba ka. In haka ne, to me ya ɓaci? A hannun wa ya tashi? Barnaba ne ya kama hannun Shawulu, wanda daga baya aka fi sani da Bulus, ya kai shi wurin manzanni a lokacin da kowa ke tsoronsa. Shi ne ya tafi har Tarsus ya nemo shi ya kawo shi Antakiya, suka shekara guda suna koyarwa tare. Ka karanta Ayyukan Manzanni daga sura 11 zuwa 13 a hankali, za ka ga ana cewa Barnaba da Shawulu, Barnaba da Shawulu, sai ga shi an fara cewa Bulus da Barnaba. Ba inda aka rubuta cewa Barnaba ya yi fushi da wannan. Saɓanin da suka samu daga baya a kan Markus ne, domin Barnaba ya nace sai an sake ba wani matashin dama, kuma a ƙarshen rayuwarsa Bulus da kansa ya rubuta wa Timoti cewa ya zo da Markus, yana da amfani a gare shi. Wataƙila baiwarka ke nan, ɗana: ganin abin da ke cikin yaro tun kafin kowa ya gani. Masu iya wa'azi suna da yawa. Masu buɗe ɗakinsu su zaunar da ɗan wani su koya masa shirya darasi, su saya masa Littafi da kuɗin aljihunsu, su ne na fi nema a ikilisiyoyinmu ban cika samu ba.

Ka taɓa zuwa fadama lokacin noman rani, wajen Kware ko Wurno ko Goronyo? Ka je wata Asabar ka tsaya kusa da mai albasa. Ya yi reno, ya yi dashe, kullum yana jan tiyo daga injin ban ruwa yana bi kwami kwami, ƙafarsa cikin laka tun sanyin asuba. Abin da yake wa wahalar nan yana ƙarƙashin ƙasa, ba ya ganinsa. Ba ya tone ta kowace safiya don ya duba ko ta yi kai, domin in ya yi haka ya kashe ta. In zumuɗi ya sa ya cika mata ruwa, ruɓewa za ta yi. Iyakarsa ya ba ta abin da take bukata a kan lokaci, ya cire ciyawa, ya koma gida ya kwanta. Bulus ya gaya wa Korintiyawa, da suka rabu wasu na Bulus wasu na wani mai wa'azi Afolos, cewa shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, amma Allah ne ya sa ta girma. Yesu kuma a Markus sura 4 ya ce mai shuka yana barci yana tashi dare da rana, iri yana tsiro yana girma, shi kuwa bai san yadda aka yi ba. Wannan “bai san yadda aka yi ba” ita ce ke ba shugabanni wahala. Muna so mu sani, muna so mu auna, muna so rahoton ƙarshen shekara ya nuna hannunmu a ciki.

Kuma ga wani abu da masu albasa suka sani. Muddin ganyenta na tsaye ƙyam, ba ta ƙosa ba. Ranar da ka ga ganyen ya fara kwantawa, kan da ke ƙasa ya cika.

Da wannan nake amsa tambayarka ta biyu. Ka ce ba ka ga ka girma ba. Da wane mudu ka auna? Ina jin mudu ɗaya ka yi amfani da shi wajen auna zumunta da auna kanka: yawan mutane, daɗin addu'a, hawaye lokacin waƙa. Waɗannan suna zuwa suna tafiya. Ni ga abin da na gani a wasiƙarka. Mutumin da aka yi wa abin da aka yi maka yana iya tara matasa a bayan majami'a ya kafa ɓangare. Yana iya fara lalube a koyarwar yaron yana neman kuskure. Yana iya kai gulma gidajen dattawa. Kai ba ka yi ko ɗaya ba. Ka ga wuta a cikinka, ka tsorata da ita, ka rubuto wa wani tsoho kana tambaya. A shekarun baya, lokacin da benci ke cika a gabanka, ka san akwai wannan kishin a zuciyarka? Yana nan, yabo ne ya rufe shi. Allah ya janye yabon don ka gan shi, kuma ba ya nuna wa mutum ciwo don ya kunyata shi. Ganyenka ne ya fara kwantawa, shi ya sa kake jin kamar faɗuwa kake yi.

Game da azumin kwana uku: azumi abu ne mai kyau, amma ka tambayi kanka me ka je nema. In ka je ne don Allah ya mayar maka da Laraba, ko ya cire maka zafin nan cikin dare ɗaya, to ciniki ka je yi. Girma cikin ruhu ba a sayensa da yunwa. Yesu ya ce shi ne itacen inabi mu ne rassa, in ba tare da shi ba ba ma iya yin komai. Aikin reshe ya zauna a jikin itace. Ka rage tsawon addu'arka in ta kama, amma ka sa gaskiya a ciki. Ka ce, “Ya Uba, ina kishin yaron nan, ba na so mutane su fi jin daɗinsa, ka ji tausayina.” Addu'ar nan ta fi awa guda ta manyan kalmomi. Sannan ka ambaci sunansa kowace safiya ka roƙa masa albarka, ka roƙa Allah ya tsare shi daga girman kai da jarrabar da ke bin matashin da aka fara yabo. Da farko bakinka zai yi nauyi, za ka ji kamar ƙarya kake yi. Ka ci gaba. Ni wata da watanni na yi ina yi wa tsohon nan addu'a kafin zuciyata ta bi bakina. Bulus ya rubuta wa Filibiyawa cewa wanda ya fara kyakkyawan aiki a cikinsu shi zai kammala shi. Shi ya fara, ba kai ba, kuma bai ba ka ranar gamawa ba.

In kana so ka ga yadda Allah yake jinkiri da amfanin gona, ka dubi tarihin da ya kawo bishara ƙasar nan. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa arewa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans da Kent sun rasu, Bingham ya koma gida da ciwo. Ba su bar ikilisiya ko ɗaya ba. Sai 1902 mishan ɗin da ya fito daga aikinsu, wanda aka sani da SIM, ya sami kafa tasharsa ta farko a Patigi. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932, ECWA kuma, ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM, sai 1954 ta tsaya da ƙafarta. A nan kusa da mu, a Amanawa, aikin da 'yan mishan suka yi shekara da shekaru shi ne wanke gyambon masu cutar kuturta da ɗaure shi, aikin da ba mai tafa wa mutum. Da Gowans ya auna kansa da mudunka, da ya mutu yana ganin ya yi asara. Littafin da ka saya wa yaron nan, da wanda takardarka ke ciki, daga irin wannan shukar suka fito.

To, me za ka yi a makon nan?

Ka nemi Fasto, kai da shi kaɗai, kamar yadda Matiyu 18 ta koyar. Ba a bakin majami'a bayan sujada ba, lokacin da mutane ke jiran gaisawa da shi. Ka je gidansa, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, “Baba, ban zo neman a mayar mini da Laraba ba. Na zo ne in gaya muku cewa jin sanarwar nan daga bagade ya yi mini ciwo, kuma ba na so in riƙe ku a zuciya.” Ka tsaya nan, ka saurara. Wataƙila ya manta ne, wataƙila ya ji nauyin fuskantarka, wataƙila kuma yana da wani abu game da shugabancinka da ya daɗe yana so ya faɗa. In ya faɗa, kada ka kare kanka a zaman farko. Ka ce za ka yi tunani, ka je ka yi tunanin da gaske. In kuma ya ƙi ganin kuskurensa, ka sauke naka nauyin, sauran tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ka tambaye shi kuma a fili mene ne aikinka yanzu, domin har yau kai ne shugaban zumunta, koyarwar Laraba kaɗai aka ba wani. Jirgi ɗaya da matuƙa biyu da ba su san iyakarsu ba, matasan ne za su sha wahala.

Yaron kuwa, kada ka ɗora masa nauyin kishinka. Ba sai ka je ka zazzage masa duk abin da ke cikinka ba, ƙarami ne, zai rasa yadda zai yi da shi. Amma ka sani yana lura. Ya san ɗakin da ya koyi shirya darasi, ya kuma ga mai ɗakin ya koma bencin baya yana murmushin da bai kai ido ba. Ina tabbatar maka yana cikin damuwa, yana tunanin ko ya yi maka laifi. Ka kira shi gida cin tuwo kamar da. Ka tambaye shi wane nassi zai koyar, ka ba shi aron littattafanka. Inda ya yi daidai ka faɗa masa takamaimai abin da ya yi daidai. Inda ya kauce, ka ja shi gefe ka gyara masa a asirce, yadda Akila da matarsa suka yi wa Afolos, mutumin da ya fi su iya magana. Sai dai ka jira har zuciyarka ta huce kafin ka fara gyara, don kada kishi ya ari bakin gyara ya ci albasa da shi. Babba juji ne, ɗana, kuma a kan juji ne kabewa take yin ƙiba.

Akwai kuma aikin da ba mai yi yanzu. Cikin waɗanda suka daina zuwa, cire waɗanda suka bar gari, sauran suna nan a Mabera da Arkilla da Gawon Nama. Wata ta yi ciki ba aure tana jin kunyar shigowa. Wani ya rasa aiki ba shi da na baiko, yana ganin kowa zai lura. Wani an yi masa magana mai zafi a ƙungiyar mawaƙa. Cikar benci ranar Laraba ba za ta kai labarinsu ba, mai koyarwa kuma ba shi da lokacin nemansu. Kai ka san ƙofofinsu. Da aka ɗauke maka shirya darasi an ba ka yamma biyu ko uku a mako. Ka hau mashin ka bi su gida gida, ba da faɗa ba, da gaisuwa.

Ban ce ba za ka taɓa sauka ba. Shugabanci a ikilisiya ba sarautar gado ba ce, kuma ranar miƙa wa wani tana zuwa ga kowa. In lokacin zaɓe ya yi, ko ka ga da gaske aikin ya fi dacewa da wani, ka miƙa shi da rana tsaka, da addu'a, ka ɗora masa hannu kana murna, ka kuma zauna a cikin zumuntar ana ganinka. Alamar da za ka gane lokacin ya yi ita ce ranar da za ka iya sauka ba tare da son a roƙe ka ka zauna ba. Takardar da ke cikin Littafinka ba a irin wannan ranar aka rubuta ta ba.

Larabar nan ka riga kowa zuwa, ka jera benci kamar yadda ka saba, ka ƙaro na ƙarin da hannunka. In an fara, kada ka koma baya. Ka zauna a layi na biyu inda zai gan ka, da Littafinka a buɗe da biro a hannu, ka rubuta abin da Allah zai koya maka ta bakin yaron. Bayan wata uku ka sake rubuto mini, ina so in ji labarin waɗanda ka bi gida, da yadda zamanku da Fasto ya kasance. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara.